Fastonmu zai yi ritaya bayan shekara 38: me kwamiti zai fara yi masa da iyalinsa?

Ɗan Kwamiti

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Ikkilisiyarmu tana wani gari a kudancin Kaduna, ba zan ambaci sunanta ba. Babanmu fasto zai ajiye aiki nan da wata goma sha huɗu, bayan shekara 38 yana hidima. Ya fara a matsayin mai bishara a ƙauye kafin ya je makarantar Littafi Mai Tsarki, an yi masa canjin wurin aiki sau takwas. Yana zaune a gidan ikkilisiya da Mama, 'ya'ya shida ne, biyu na ƙarshe ba su gama makaranta ba, ga kuma marayu biyu na ɗan'uwansa da yake riƙo. Yana da fili a ƙauyensu wanda aka zuba wa harsashi tun da daɗewa, ciyawa ta rufe shi.

Kwamiti ya rabu biyu. Wasu suna so a saya masa mota a yi babban biki da anko, wasu sun ce gida. Abin da za mu iya tarawa ba zai ɗauki duka biyun ba. Ta ina ake farawa, kuma me ake yawan mantawa da shi?

Tsohon Magatakarda

Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya. Ku ajiye gardamar mota da gida na mako biyu, ku fara da takardu. Ba su cin kuɗi sosai, amma su ne suka fi cin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku je ofishin gunduma da Baba da kansa. A ECWA da EYN wannan shi ne DCC, a COCIN kuma RCC. Ku roƙi magatakarda ya buɗe fayil ɗinsa a gabanku. Abu uku za ku duba: ranar haihuwa, ranar fara aiki, da jerin wuraren da ya yi hidima.

Ranar fara aiki ita ce ramin da mutane suka fi faɗawa. Wanda ya fara da aikin bishara, sau da yawa ikkilisiyar ƙauye ce ta ɗauke shi da baki, tana biyansa da hatsi da ɗan abin da aka samu a baiko, ba wasiƙa. Sai fayil ya fara ƙirga masa daga ranar da ya fito makaranta ko ranar da aka ba shi lasisi. Ku kuna cewa 38, takarda tana iya cewa 31, kuma da takarda za a yi lissafin garatuti. Maganinsa shi ne hujja a rubuce: tsohon littafin taron dattawa na wancan ƙauyen, littafin ma'aji inda aka rubuta abin da ake ba shi, ko wasiƙar da ikkilisiyar ta rubuta lokacin da ta tura shi makaranta. In duk sun ɓace, dattawa biyu ko uku da suka ga zamanin su rubuta shaida su sa hannu, faston wurin na yanzu ya buga hatimi. A shigar da wannan tun kafin majalisar gunduma ta zauna a kan ritayarsa. In ta riga ta yanke, gyara sai an jira wani zama.

Sai fansho. Wasu ekklesiyoyi suna da asusun fansho nasu, wasu sun sa ma'aikatansu a tsarin da PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, ke kula da shi. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, mai ɗaukar aiki yana zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. A kowane tsari Baba yake, ku nemi a buga muku bayanin asusun tun daga farko, ku jera shi kusa da jerin wuraren aikinsa. Za ku ga giɓi, kuma giɓin yakan faɗa daidai shekarun da yake ƙaramar ikkilisiya, inda ma'aji ya cire kuɗin a takarda amma aka yi rufin majami'a da shi. Kowace ikkilisiya da ke da bashi, gunduma ce za ta rubuta mata, ba ku ba, ba Baba ba. Fasto ba zai iya buɗe baki ya bi mutanen da ya yi wa baftisma bashi ba, shi ya sa irin wannan kuɗin yake mutuwa shiru. Haka bashin albashi.

In asusunsa na tsarin PenCom ne, zai zaɓi ɗaya cikin biyu: kamfanin fanshon ya riƙa biyansa wata-wata daga abin da ya tara, ko a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen ransa. A na farko, abin da ya rage ranar da ya rasu na magada ne. A na biyu, shekara goma ce aka lamunce. In ya rasu bayan ta wuce, iyali ba su da sauran abin karɓa. Mai mata da yara a makaranta ya kamata ya ji wannan bambancin da kunnensa, Mama tana zaune, kafin ya sa hannu.

Na ƙarshe, rabon kaya. Mutumin da ya yi shekaru a gidan ikkilisiya, kayansa da na ikkilisiya sun cakuɗe. Firijin nan, Zumuntar Mata ta ba Mama ne ko ta saya wa gidan fasto? Babur fa? Janareta? Littattafan da ke ofis? A zauna da dattawa biyu, ma'aji, Baba da Mama, a rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu, wata shida kafin tashi. In aka bari sai ranar da ake loda kaya a mota, za a sami wanda zai ce "ajiye wannan, namu ne" a gaban yara, kuma wannan kalmar ce iyalin za su riƙe, ba jawabin biki ba. Ku haɗa da takardun filin majami'a, rajistar baftisma da ta aure, da canza masu sa hannu a banki, wanda ke buƙatar wasiƙar ƙudurin majalisa.

Birkila

Gida. Mota tana shan mai, tana son taya da makaniki, ga mai ita ba albashi. Bayan shekara biyu za ku same ta a kan duwatsu, kaji suna kwana a ƙarƙashinta.

Amma kada a kai bulo ko ɗaya filin nan sai an san na waye. In saye ya yi, a nemo takardar ciniki mai sa hannun mai sayarwa, shaidu da mai unguwa, a kira safiyo ya auna ya kafa duwatsun iyaka, a kai KADGIS, hukumar filaye ta jiha, a fara neman takardar mallaka tunda a Kaduna kuke. Takardar za ta ɗauki lokaci, amma lambar fayil ma kariya ce.

Tsohon harsashin kuma a tone gefensa a wuri uku ko huɗu a gani. In an karce bulo da ƙusa yana zuba kamar gari, ko saiwar itace ta ratsa shi, a fasa wurin a sake. Sannan kusan kullum tsohon zanen ya yi girma, don an yi shi lokacin yara suna ƙanana, ɗaki biyar ko shida. Kada ku bi shi duka. Ku yanki gefe ɗaya: ɗaki biyu, falo, kicin, banɗaki a ciki. Ƙaramin gida da aka gama ya fi babban kango.

Ga lissafi na kusa. Bango mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya yana cin bulo goma. Irin gidan da na faɗa zai ci tsakanin 2,000 da 2,500, inci tara a waje, inci shida a rabon ɗakuna. In ku za ku buga bulon, buhun siminti ɗaya kada ya wuce bulo 30 na inci tara. Masu sayarwa sukan ja shi ya haura 40, shi ne bangon da ke tsagewa a damina ta biyu. A riƙa ba bulon ruwa safe da yamma har kwana bakwai, kada a ɗora shi ɗanye. Kwano bandir ɗaya falle 20 ne. Kafinta ya auna bayan an zuba linta, kada a saya da ka. Katakon rufi a shafe shi da maganin gara kafin a hau da shi, ba bayan an buga kwano ba.

Lokaci yana da muhimmanci. A yankinku ruwa yana sauka tun Afrilu. A buga bulo daga Nuwamba, a yi gini Disamba da Janairu, rufi ya hau kafin ƙarshen Maris. Filasta, silin, ƙofofi da daɓe za a iya yinsu cikin damina tunda akwai inuwa.

Ku gina wa ɗan shekara tamanin, ba wa mutumin da kuke gani yau ba. Kada a yi matakala a bakin ƙofa, a yi gangara mai sauƙi. Ƙofar ɗaki da ta banɗaki su kai ƙafa uku, yadda keken marar lafiya zai shiga. Masai na zama, ba na tsuguno ba, da ƙarfen dafawa a bango. Tayil mai santsi a banɗaki shi ke karya ƙugun tsofaffi, a sa mai kaushi. Ramin sokawe ya yi nesa da rijiya, kamar mita 30 in fili ya ba da dama, kuma ya kasance ta gangare.

Abu ɗaya kuma, ku yi haƙuri da ni: kada ku damƙa wa Baba kuɗin gini a hannu. Ba don rashin amana ba. Mutumin da ya yi shekara 38 ba ya iya cewa a'a ga mai kuka a ƙofarsa ba zai koya yanzu ba. Kuɗin zai tafi asibitin wani da makarantar wani. A buɗe asusu daban, mutum uku masu sa hannu, a biya masu kaya kai tsaye. Waɗanda ba su da kuɗi su yi alkawarin buhun siminti, tifar yashi ko yinin aiki. Matasa su ɗauki haƙa da ɗiban ruwa.

Uwar Zumunta

Na gode wa Baba Magatakarda da Malam Birkila, amma duk kun yi maganar Baba. Ɗana Ɗan Kwamiti, wa ya tambayi Mama inda take so ta zauna?

Matar fasto ta yi shekara 38 ita ma. Ta koyar a Zumuntar Mata, ta dafa wa baƙin taro, ta kwana a asibiti da masu haihuwa, ta wanke gawa. Ba ta da fayil a gunduma, ba ta da fansho. In tana da sana'a ko aikin koyarwa, canji takwas ya kashe shi. Kuma sau da yawa ita ce ƙarama, ita za ta daɗe a gidan da kuke shirin ginawa. Ƙauyen nan na dangin miji ne, wataƙila ba ta taɓa yin wata uku a jere a cikinsa ba. Don haka ban yarda a ɗauka cewa ƙauye ne kawai mafita ba. Ku auna nisansa da asibiti, da kasuwa, da makarantar yaran, ku kuma duba tsaron hanyar. In ƙaramin fili a bakin gari ya fi, a sayar da wancan ko a bar shi gona.

A tura mata biyu da ta yarda da su su zauna da ita ita kaɗai. A gaban Baba da dattawa za ta ce "duk abin da kuka yi daidai ne."

Sunanta ya hau takardar filin tare da nasa, cikakken suna, ba "da uwargida" ba. A nemo takardar aurensu a duba wace iri ce. Da yawa daga iyayenmu auren al'ada suka yi aka sa musu albarka a majami'a, takardar da ke hannunsu ta ikkilisiya ce kawai, ba ta rajistar gwamnati ba. Wannan yana da tasiri a rabon gado, domin in ba wasiyya, al'adar dangin miji takan shigo, kuma a wurare da yawa al'ada ba ta ba gwauruwa ƙasa. Saboda haka Baba ya rubuta wasiyya wurin lauya. Shaidu biyu, suna wuri ɗaya lokacin da yake sa hannu, kuma kada a sa wanda zai ci gado ko matarsa ko mijinta cikin shaidun, don rabonsa zai faɗi. A ajiye ta a rajistar wasiyya ta Babbar Kotu. Kada a ruɗe ku da sunan da ya rubuta a banki na wanda za a tuntuɓa in wani abu ya faru. Wannan ba ya mai da mutum magaji. Ba wasiyya, sai an bi kotu an karɓo takardar izinin kula da gado, abin da ke cin watanni da kuɗi.

Lafiya: a yi musu rajistar inshorar lafiya su biyun, a Kaduna akwai KADCHMA, kuma ikkilisiya ta sa sabunta ta cikin kasafin kowace shekara. A gwada hawan jini, suga da ido tun yanzu. Maganin hawan jini ba a shan sa wata ɗaya a huta, kuma shi ne abu na farko da tsoho yake dainawa in kuɗi ya yanke, ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Jarin Mama ya zama nata, a asusunta. Abin da ke kawo kuɗi kullum ya fi, kamar injin markaɗe ko ajiyar hatsi daga kaka zuwa bazara. Kada a zuba duka a gona ɗaya. Waɗanda suka sa komai a citta sun ga abin da cutar 2023 ta yi a Kachia da Jaba.

Yara biyun da ke makaranta da marayun nan: a rubuta kuɗin kowannensu har ya gama. In suna makarantar ikkilisiya da rangwamen 'ya'yan fasto, a samo wasiƙa cewa rangwamen zai ci gaba bayan ritaya, don yakan tsaya ranar da albashi ya tsaya. A kira manyan 'ya'yan huɗu taro, kowa ya faɗi abin da zai ɗauka. Ku yi musu a hankali. Ɗan fasto ya girma yana ganin ana ba baƙo namansa, yana canza makaranta tsakiyar zango, wasu suna da ciwon da ba su taɓa faɗa ba.

Rabaran Ƙarami

Uwar Zumunta ta faɗi gaskiya, sai dai zan ja da ita a wuri ɗaya. Bakin gari, i, amma in da hali kada ya zama garin da ya yi hidimarsa ta ƙarshe. In kuma dole ne, to a yi ƙa'ida.

Dalili shi ne masu bi ba sa ritaya da fasto. Za su ci gaba da kai masa rikicin aure, su ce shi zai ɗaura auren 'yarsu, shi zai binne mahaifinsu. Wanda dattawa suka hora zai bi ta bayan gida ya kai ƙara. Baba ko bai ce komai ba, shirunsa ma za a fassara. Cikin shekara ɗaya sai ka ga ikkilisiya da fastoci biyu, sabon yana wa'azi yana kallon fuskar tsohon a kujerar gaba.

Littafin Ƙidaya 8:25-26 ya ba da tsari mai kyau: Balawe yana sauka daga aiki a shekara hamsin, yana iya taimakon 'yan'uwansa, amma ba shi ke riƙe da hidimar ba. A aikace, duk gayyatar wa'azi, ɗaurin aure, baftisma ko Jibin Ubangiji ta bi ta hannun sabon fasto. Baba ba ya zama a taron dattawa. Wata shida na farko ya yi sujada a wata majami'a. Sabon fasto kuma ya riƙa kai masa gaisuwa da ƙafarsa, ya ba shi bagadi sau biyu ko uku a shekara. A sanar da wannan a gaban jama'a, daga bakin Baba, don kada a ce an kore shi.

A wasiƙar ritaya a rubuta ranar barin gidan ikkilisiya, a daidaita ta da ranar gama ginin. In gini ya makara, a kama masa haya na shekara ɗaya, kada a bar iyali biyu suna jiran gida ɗaya.

Taimako mai ɗorewa ya fi ambulan ranar biki. A rubuta a littafin majalisa cewa kowace godiyar kaka za a ware masa buhu kaza na masara da dawa. Abin da ba a rubuta ba yana tafiya da dattawan da suka yi alkawarinsa.

Ku sa matashi ɗaya ya ɗauki muryar Baba da Mama a waya, zama huɗu ko biyar, wuri bayan wuri, da sunayen waɗanda suka fara bi a kowane ƙauye. A ɗauki hoton takardunsa duka a ajiye a wuri biyu. Wanda ya tuna yadda Boko Haram ta mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi a Oktoban 2014, har shugabanni suka koma Jos na wani lokaci, ya san kabad ɗin ofis ba ma'ajiya ba ce.

Ɗan Kwamiti

Allah ya sāka muku. Mun je gunduma jiya. Abu biyu sun fito: shekarar haihuwarsa a fayil ta bambanta da ta NIN da shekara uku, kuma filin ba saye ba ne, na gado ne da ba a raba ba, su huɗu ne a kai. Mama kuma ta ce ita kusa da asibiti take so.

Tsohon Magatakarda

Na shekarun ku fara da shi a makon nan, don kamfanin fansho ba zai biya ba in NIN, BVN da fayil ba su faɗi abu ɗaya ba. Ku nemo takarda mafi tsufa da ke ɗauke da shekarar: katin baftisma, shaidar gama firamare, ko fom ɗin shiga makarantar Littafi Mai Tsarki. Ita ce alƙali. In NIN ce ta kauce, Baba ya karɓo takardar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, da ita ake neman gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, bayan nan a kai banki a daidaita BVN, sannan kamfanin fansho. In fayil ne ya kauce, wasiƙa ce zuwa gunduma da kwafin hujja, amma ku sani gyaran zai iya matsar da ranar ritayar gaba ko baya, don haka shugaban gunduma ya ji daga bakinku kafin ya gani a takarda.

Filin gado da ba a raba ba kuwa, kada kuɗin ikkilisiya ya taɓa shi. Gini yana bin ƙasa, ranar da Baba ya kwanta dama 'ya'yan 'yan'uwansa suna da bakin magana a kan ɗakin da Mama take kwana. Tunda ita ma ta zaɓi kusa da asibiti, ku nemi rabin fuloti, ƙafa 50 a 50 ya ishi ɗaki biyu da falo, a garin da ke da babban asibiti amma ba naku ba. A rubuta cinikin da sunayensu biyu, Malam Birkila ya sake muku lissafin bulo a kan sabon zane kafin Nuwamba.